Kwalin Hannun Hagu

"...muka wuni lafiya, alhamdu lillahi. Ya gajiya? A'a, tsaya ma, wace gajiya zan tambaye ka, kai da aikinka zama gaban gilashi kana taɓe-taɓe?"

"Gajiyar auren tsohuwa mana, Kaka. Ita ce ba ta sakin mutum."

"Shigo ka ja min ƙofar nan, ruwa na feso wa yadin mutane."

Asabar ce, wajen ƙarfe biyu na rana, kuma tun safe ake irin yayyafin nan mai naci, wanda ba ya tsayawa ba ya kuma sauka da gaske. Shagonmu ɗaki ɗaya ne a bakin titi. Keken ɗinki biyu, teburin yanka a jikin taga, ƙusoshi jere a bango rataye da kwalayen da muke ɗorawa kan yadi mu yanka, sai bokiti a lungun da rufi ke yoyo. Inna ce mai shagon, ta haura shekara arba'in tana ɗinka kayan 'yan makaranta. Ni 'yarta ce, nawa aikin guga da sa maɓalli. Wanda ya shigo yana karkaɗe ruwa daga kansa kuwa jikanta ne, ɗan yayana. Tun yana zanin goyo take kiransa Maigida, shi kuma da bakinsa ya buɗe ya soma rama mata da Amarya. Yanzu shekararsa ashirin da uku, ba wanda ya gaji a cikinsu.

Sati bakwai ke nan da rasuwar Yaya, ubansa. Tun daga ranar zolayar tasu ta koma kamar shayin da aka manta ba a sa wa sukari ba, suna sha ne don an saba. Ni ko wannan ban iya ba. Guga nake yi in ja bakina in tsuke, in ƙwalla ta taho in ce tururi ne.

"Ina saƙona?" in ji Inna.

Ya laluba aljihu ya miƙa mata 'yar takardar allura. Ta sauko da tabarau kan hanci, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Lamba nawa na ce maka?"

"Allurar keke kika ce."

"Na ce lamba goma sha shida, ta kaki. Wannan sha ɗaya ce, ta ɗinkin shara-shara. In sa ta a wandon ɗan firamare? Kafin in taka keke sau biyu ta karye ta tsone min ido."

"Ido nawa ya rage da za a tsone? Mai kantin ma da na ce masa na kakata ne, cewa ya yi, 'Au, har yanzu tana nan?'"

"Ka koma ka ce masa ina nan daram. Ni na ɗinka masa wandon shiga aji ɗaya, na san sau nawa ya jiƙa shi. Kai kuma an aike ka abu ɗaya tak ka kasa. A haka za ka riƙe mata?"

"Matar da ta girmi titin nan ai ita ke riƙe kanta."

"Titin nan a gabana aka zuba masa kwalta, ga shi duk ya farfashe, ni ko tsagewa ban yi ba."

"A tambayi gwiwarki ta hagu."

"Gwiwata ta fi ƙwaƙwalwarka tuna lamba."

Ya ɗan murmusa, murmushin bai kai ido ba. Sai ya sauke jakar kwamfutarsa daga kafaɗa, maimakon ya ɗora ta kan tebur kamar kullum, ya tura ta ƙarƙashi da ƙafa. Ni da Inna muka haɗa ido.

Yaron nan Litinin zuwa Juma'a lodin kaya yake yi a wani sito. Yaya ne ya ƙi yarda ya tsaya a kan lodin kaɗai, ya kai sunansa wata kwaleji da ake karatu daga nesa, malami a wani gari, ɗalibi a ɗakinsa, sai dai a haɗu a fuskar kwamfuta. Kwas ɗin farko na koyon rubuta manhaja yake yi. Duk Asabar shagonmu ne ajinsa, don jikin tagar nan ne sabis ke kamawa sosai. Daren jiya ummansa ta kira ni tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce yau ƙarfe huɗu ake rufe karɓar aikin ƙarshe, an riga an dawo masa da shi sau ɗaya, in bai tura ba za a cire sunansa daga kwas ɗin. Kuma ya ce mata shi ya haƙura. Da safe na gaya wa Inna, sai ta ɗauko almakashi ta yi ta wasawa.

"Yau ba za a kunna mana talabijin ɗin marasa aikin yi ba?" ta tambaye shi, idonta na kan zare.

"An rufe tashar."

"Wa ya rufe?"

"Ni. Na yaye kaina."

"Yaye! Kai da aka yaye ka sai da unguwa ta yi sati biyu ba ta runtsa ba? Fito min da ita in ga abin da ya kayar da mijina. In sani ko namiji nake aure ko buhun auduga."

"Ba za ki gane ba, Kaka."

"Na gane kakanka shekara talatin da biyu, mutumin da ko tari sai ya yi shi a murɗe. Wani akwatin roba ne zai gagare ni?"

"Bar shi kawai."

"Goggonsa, miƙo min jakar nan. Zan sa ta a ƙarƙashin yoyo, ko ba komai ta tare mana ruwa."

Da ya ga na ajiye dutsen guga da gaske, sai ya sunkuya ya ciro ta da kansa. Ya ture wani yadin kaki gefe, ya buɗe ta a kan sauran. Fankarta ta fara kuka, kamar kullum in an ɗora ta a kan tufa. Inna ta jawo kujera kusa da shi, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"To, Farfesa, a yi wa jahila bayani."

"A karatun nan ba a rubuta kowane abu daban-daban. Tsari guda ake yi, mu kilas muke ce masa. Sai ka ce, mutum yana da suna, yana da shekarar haihuwa, yana da uwa, yana da uba. Shi ke nan, ka gama tsari. Daga jikinsa sai ka yi ta fitar da mutane ko dubu ne, kowa da nasa sunan, kowa da tasa shekarar."

"Kwali ke nan."

"Ba kwali ba ne, Kaka, ilimi ne."

"Kwali guda, riga ɗari." Ta nuna bango da almakashi. "A kan wannan ka yi wata huɗu kana kallon wani malami mai sanƙo yana magana shi kaɗai? Da ka zo nan da rana ɗaya na koya maka, in haɗa maka da rankwashi kyauta."

"Shi ya sa ɗalibanki duk suka gudu."

"Sun gudu da sana'a a hannu. Ci gaba."

Aikin da ya zaɓa na san shi, don a gabana aka fara. Littafin 'yan gida ne. A kan teburin nan Yaya ya zauna da shi wata Asabar yana faɗa masa shekarun kowa, har suka yi ta musu da Inna a kan tata, ita tana rage biyar, shi yana mayar mata da su. Malamin ya ce kada a sa sunan gaskiya tunda wasu ɗalibai za su gani, don haka yaron ya rubuta mu yadda yake kiranmu: Baba, Umma, Auta, Goggo, Kaka, sai shi kansa ya sa Ni.

"Na tura masa," in ji shi, "ya dawo min da shi. Wai aikin ya yi kyau, amma littafin dangi ne ba shi da hanyar nuna cewa wani ya rasu. In ƙara wannan in sake turowa."

"Yaushe ya ce haka?"

"Kwana goma bayan Baba."

Inna ta gyara zaman tabarau. "Bai sani ba ne?"

"Ta ina zai sani? Mu ɗari uku ne a hannunsa. Ko a hanya muka yi karo ba zai gane ni ba."

"To ka ƙara abin?"

"Na ƙara. Duba."

Jerinmu ya fito a fuskar kwamfutar, kowa da kalma biyu a gabansa. Ya karanta mata, kowa yana raye, har da Yaya. Sannan ya rubuta wani gajeren layi da zai nuna Yaya kaɗai ya rasu, da yatsa ɗaya, a hankali, kamar mai taɓa ƙurji. Ya danna.

"Karanta min, tabarauna ya yi hazo."

"Baba, ya rasu. Umma, ta rasu. Auta, ta rasu. Goggo, ta rasu. Kaka..."

"Faɗi mana, me kake tsoro?"

"Ta rasu."

"Inna lillahi! Ina zaune da tef a wuyana? Ke, kin ji, ashe mun mutu ba wanda ya zo ya gaya mana. Ajiye gugar nan, gawa ba ta guga." Ta juya gare shi. "Kai fa?"

"Na rasu."

"To da sauƙi. Na ɗauka ni kaɗai ka kashe don ka gaji keke."

"Keken da ya girmi jirgin ƙasa? Ko mai gwangwan sai an roƙe shi."

"Keken nan shi ya sa wa ubanka wando, shi ya sa maka. Ba don shi ba da tsirara za ka je jami'ar taka ta iska."

Dariya ta kufce min, ta farko cikin sati bakwai. Ba ta yi nisa ba ƙwalla ta biyo ta, na koma kan guga da sauri. Yaron bai yi dariya ba. Ya kafe jerin da ido.

"Sati biyar ina fama da shi, Kaka. Duk wanda na taɓa, kowa ya tafi. Na tura wa malamin tambaya, sai bayan kwana huɗu ya amsa, wai in duba darasi na shida. Na kalli darasi na shida sau tara, bakinsa na motsi, ni ban san me yake cewa ba. Daga baya na ce, to wai ma ƙarya na'urar ta yi? Ki je gidanmu ki gani. Umma ba ta ɗaga labule, da rana tsaka ɗakinta kamar rijiya. Auta ta daina surutu. Goggo ga ta nan tana kuka a cikin tururi, tana zaton ba ma gani. Ke kanki yaushe rabon da ki yi waƙa a kan keke? Na'urar nan ta fi mu gaskiya. Ranar da Baba ya tafi duk muka tafi. Shi ya sa ni karatun, shi ke tambayata me aka koya yau, ko bai gane ba ya gyaɗa kai. Yanzu in ci in nuna wa wa?"

Inna ta ajiye almakashi a kan tebur. Ruwa na ɗiga a bokiti, wata mota ta wuce ta watsa taɓo a ƙofa. Na ji haushin yaron da ya tona ni, na kuma ji tausayinsa. Na dubi agogon bango, uku saura kwata.

Inna ta dafa tebur ta miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ta ɗauki sandar da muke sauko da kaya, ta nufi ƙusar can sama, wadda tun ina yarinya ban taɓa ganin an taɓa ba. Ta sauko da wani tsohon kwalin hannun riga, ya yi baƙi don tsufa, gefensa an liƙa wani ɓallin kwali an ɗinke da baƙin zare. Ta busa ƙurar a fuskarsa da gangan.

"Haba, Amarya! Kashe ni za ki yi?"

"Ai ka riga ka rasu, na'ura ta faɗa. Ka san mene ne wannan?"

"Takardar haihuwarki."

"Rashin kunyarka a nono ka sha ta. Ubanka yana aji uku ya faɗo daga katangar makaranta, wai tsuntsu yake bi. Hannun hagu ya karye. Aka naɗe shi da filasta, hannu ya koma kamar taɓarya, riga ba ta shiga. Lokacin ni ke ɗinka wa makarantarsu kaf, an kawo min aikin riga sittin. Na zauna in fara yanka tasa, yana gefe yana kuka, hankalina ba ya jikina. Maimakon in ƙara faɗin a kan yadinsa da alli, sai na ɗauko ɓallin nan na ɗinka a jikin kwali. Na yanka tasa, ta zauna masa cif. Na rataye kwali. Washegari na sauko da shi na ci gaba da aiki, na manta sam."

"Riga sittin?"

"Hamsin da tara, da tasa sittin. Ranar da aka koma makaranta, kowane yaro hannun damansa daidai, na hagu kamar ƙafar wando. In malami ya ce a ɗaga hannu, sai ka ga ana ta kaɗa tuta. Hedimasta ya zo har nan, ya tsaya inda kake zaune, ya ce, 'Mai ɗinki, ɗalibaina duka ne suka karye ban sani ba?'"

Wannan karon sai da ya yi dariya, ƙarama, ta hanci. "Kika ce ke gwana ce."

"Gwanaye ne ke yin babban kuskure, irinku sai ƙanana, irin na allura. Sati biyu ina farke hannu ina sakewa. Amma ka ji abin da nake gaya maka? Yaro ɗaya ne ya karye. Ni na karya makaranta guda, don na ɗauki ciwonsa na ɗinka a jikin kwali."

Ta ajiye masa kwalin a gefen kwamfutar, ta koma kujerarta ta kama zare kamar ba ita ta yi maganar ba. Ya dubi kwalin. Ya dubi rubutunsa. Ya ja shafin sama, ya kai fuskarsa kusa har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Goggo," ya ce da ni a hankali, don bai so ya ba ta nasarar kai tsaye. "A sama na sa shi."

"Ni me na sani? Yi da Hausa."

"Akwai wajen da ake rubuta abin da yake na tsarin ne gaba ɗaya, na kowa da kowa. Kamar yawan 'yan gida, lamba ɗaya ce ga duk gidan. Sai wajen da ake rubuta abin da kowane mutum zai riƙe nasa. Ranar da zan ƙara maganar rai, layin ƙirgan nan na kwafa na sauya masa suna. Rai ɗaya na yi mana, mu shida."

"Ka ɗinka a kwali," in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Na ɗinka a kwali."

"Ƙara faɗa, kunnen ya tsufa."

"Ko makaho in ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu."

"Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Farke ka sake, ba a fafe gora ranar tafiya, amma kai a haka aka haife ka."

Yatsunsa suka kama aiki. Layi biyu ne kawai. Ya ɗauke ɗaya daga sama ya sauko da shi ƙasa, ya gyara ɗayan. Ko minti biyar bai yi ba. Ya sake rubuta gajeren layin nan na ɗazu. Sai ya ɗora yatsa a kan madannin ya tsaya. Uku da minti goma ta wuce, da kwata ta wuce, yatsan na nan.

"Danna mana, ko sai an kira maka makaɗa?"

"Kaka." Muryarsa ta sauya, ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami in ya farka bai ga kowa ba. "In na danna, shi kaɗai zai rage."

Nan na gane abin da ya riƙe shi sati biyar, kuma na tabbata ko darasi na shida ya kalla sau ɗari ba zai gani ba. A littafinsa da ya lalace, duk inda Yaya ya tafi muna tare da shi. In ya gyara, mu za mu dawo, a bar shi can. Na kashe dutsen guga, don na san in na ci gaba zan ƙona rigar ɗan mutane.

Inna ta cire tabarau ta goge shi da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Shi kaɗai? Wa ya ce maka? Ina mijina na gaskiya? Ka cika littafi da 'yan gida ka bar mai gidan a waje, don kishi?"

"Baba ne ya ce mu fara da masu rai, daga baya a ƙara sauran."

"To daga bayan ta zo. Yanko min shi daga kwalin naka. In dai kwalin kirki ne ai ba zai ƙi ba."

"Shekarar haihuwa?"

"Ya girme ni da goma."

"Da shekarunki na gaskiya za a lissafa ko da waɗanda kike faɗa?"

"Sa na gaskiyar. Ubanka ya ci wannan musun, ba zan ƙwace masa yanzu ba."

Ya rubuta layi ɗaya, Kaka Namiji ya shigo jerin, a saman Baba. Inna ta matso ta ɗora hannunta a bayan wuyansa, inda take kama shi in za ta yi masa rankwashi, amma ba ta yi ba.

"Ji nan, Maigida. Allah Ya sani na so a ce ni ce. Uwa ce ya kamata ta riga, haka nake ta gaya wa kaina in na kwanta. Amma ba a tambaye ni ba. Kwali ɗaya aka yanko mu da shi, sai dai kowa da yadinsa. Nasa ya ƙare. Nawa da ɗan saura, ban san don me ba. Naka kuwa ko wanki ɗaya bai sha ba, za ka naɗe shi ka tura ƙarƙashin tebur? Ka ce in ka ci wa za ka nuna wa. Ni ma na iya gyaɗa kai ban gane ba, a wajena ya koya. Danna."

Ya danna.

"Karanta."

"Kaka Namiji, ya rasu. Baba..." Ya sake farawa. "Baba, ya rasu."

"Allah Ya jiƙansu," muka ce ni da Inna.

"Umma, tana raye. Auta, tana raye. Goggo, tana raye. Kaka..."

"Ehe?"

"Abin takaici, tana raye."

"Ko ka ƙi ko ka so. Saura ɗaya."

Hawaye na bin gefen hancinsa bai share ba.

"Yana raye."

"Wa? Na ce maka kunnen ya tsufa."

"Ni, Kaka. Ina raye."

"To tura wa mai sanƙon, kafin ka sake kashe mu."

Turawar ma sai da ta ja mana rai. Ruwa ya sa sabis ya yi rauni, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar kwamfutar ba ya gaba ba ya baya. Ya ɗauke ta ya manna da taga, ni na riƙe masa labule, Inna na bayanmu tana zagin zoben da uwarsa da ubansa. Huɗu saura minti ashirin rubutu ya fito cewa an karɓa. Ya zauna a kan buhun ƙyallaye kamar wanda ya sauke lodin sito guda.

"In takardar ta fito sunana za a rubuta," in ji Inna.

"A kan me? Karen bana shi ke maganin zomon bana."

"Karen bana da ya yi sati biyar yana bin wutsiyarsa? Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar da ta karya yara sittin."

"Hamsin da tara. Ɗayan da kansa ya karye." Ta tura masa kwalin. "Ungo. Ka riƙa ɗora na'urar a kai, ta daina yi min kuka a kan yadi."

Ya karɓa ya juya bayansa. Akwai zanen fensir da ya kusa gogewa, wani tsuntsu mai ƙafa uku, irin zanen yaron da aka zaunar a shago aka hana shi fita. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe jaka ya sa kwalin a ciki a hankali, ba a ƙarƙashin kwamfutar ba, a aljihun takardu. Inna ta gani, ta ci gaba da aikinta.

Ya miƙa hannu zai ɗauki takardar allurar. "Kawo in mayar wa mai kantin Litinin, in karɓo miki sha shidan."

Ta riga shi dafe ta. "Bar min abina."

"Kin ce ta shara-shara ce."

"Na sani. Akwai wani farin yadi mara nauyi a ƙasan durowa, ya shekara biyu ba wanda ya tambaye shi. Labule zan ɗinka wa ummanka, wanda ko ba ta ɗaga ba haske zai shiga. Ka auno min tagar gobe, kuma ka rubuta lambar a hannunka, na san ka."

"Ke nan ban yi kuskure ba."

"Ka yi kuskure, Allah ne Ya rufa maka asiri."

"Faɗi dai, Amarya. Kunnen nawa ma ya fara tsufa."

Inna ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin tef ɗin awo. Ta kwance allurar kakin daga keke, ta ɗaura siririyar, ta ɗaga zare sama tana neman ramin ba ta gani.

"Ka ci, Maigida, allurarka ta yi rana," ta ce. "Zo ka zura min zaren nan, mijin banza."